Daga "kai" zuwa "shi": taubasantaka da kalaman ƙabilanci a siyasar Tasawa da Mayahi

In aka tuhumi ɗan siyasa da aibanta wata ƙabila a bainar jama'a, amsa guda ake bayarwa: wasa ne, taubasantaka ce. A wannan ɗan nazari muna so mu auna hujjar da ma'aunin nahawu, domin a ganinmu ba ta tsayawa.

Ba mu musun wasan kansa. Tsohon abu ne tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Zabarmawa, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Amma a lura da siffarsa. Ido da ido ake yin sa, da wakilin suna na mutum na biyu: "kai bawana ne". Wanda aka faɗa wa yana nan, kuma dole ya rama, in ba haka ba wasan bai cika ba.

Abin da muka riƙa ji a tarukan yaƙin zaɓe na kwarin Gulbin Kaba, daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 zuwa na 2020, dabam yake. Jimlar ta koma mutum na uku, tilo, galibi da korewa, irin su "Bafillace ba shi da gona" ko "Buzu ba ya zaman gari". Tilon nan jinsi guda yake nufi baki ɗaya. Jimlar ta ari rigar karin magana: ba rana, ba wuri, ba wanda za a kira ya ba da shaida, don haka da wuya a ƙaryata ta. Wanda ake nufi kuwa ba ya kan dandali, balle ya rama. (Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san wannan tilo sarai: shi ne "le Peul" da "le Haoussa" na rahotannin kwamandojin mulkin mallaka.)

Kalmomin ma da kayansu suke tafe. "Buzu" a asali ajin bayin Abzinawa yake nufi, kafin a shimfiɗa shi kan Abzinawa duka. Mai jifan abokin takara da shi tuhumar bauta yake yi, alhali dokar 2003 ta mai da bauta laifi, kuma Bugaje sun daɗe suna noma a arewacin Mayahi. Haka "anna": Guy Nicolas ya nuna cewa a ƙasar Maradi sunan zuriyoyi ne masu gadon ƙasa da tsafin kakanni, amma a bakin mai neman ƙuri'a ya zama zagi kawai.

Batun gona ya fi damun mu. Dokar karkara ta 1993 ta amince wa makiyaya da haƙƙi kan mazauninsu da makiyayarsu. Wanda ya ce Bafillace ba shi da ƙasa ya riga ya yanke hukunci kan burtali da rijiya kafin kwamitin filaye ya zauna, kuma masu sauraronsa su ne maƙwabtan makiyayin. A wannan jaha ta Maradi ne, a ƙauyen Toda, aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara, a watan Oktoba na 1991, lokacin da babban taron ƙasa ke zaune a Yamai.