Ƙwallon Mata: Amsa Ga Masu Cewa Ba Wasa Ba Ne

A majalisun matasa na ƙasar Rano, daga cikin gari zuwa Kibiya har nan Dawaki, an daɗe da yanke wa ƙwallon ƙafa na mata hukunci, kuma yawancin alƙalan ba su taɓa zama sun kalli minti casa'in ɗinsa ba. Mai gidan kallo zai ɗauki alli ya cika allonsa da wasannin Firimiya da Laliga, har da ƙungiyoyin da ba kowa ya san garinsu ba, amma ranar da 'yan matan Najeriya ke buga wasan ƙarshe sai an roƙe shi kafin ya tayar da janareto. Masu sukar iri biyu ne. Na farko suna cewa abin ba ƙwallo ba ne, babu gudu, babu ƙarfin bugu, ɓata lokaci ne kawai. Na biyu suna cewa ko ma ƙwallon ne, ba na 'ya'yanmu ba ne, domin ya saɓa wa tarbiyya da sutura. Masu magana ta biyu ina girmama damuwarsu, zan kuma zo kanta. Masu ta farko kuwa rashin kallo ne yake damunsu.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zance. A ƙarshen shekarar 1920 mutum dubu 53 suka cika filin Goodison Park na birnin Liverpool don kallon wasan mata. Shekara ɗaya bayan haka hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata filayenta, ba ta janye ba sai bayan shekara 50. Brazil ma ta haramta musu da doka daga 1941 zuwa 1979. Ke nan ba mu muka fara wannan gardama ba, kuma waɗanda suka riga mu sun gama ta. An fara gasar cin kofin duniya ta mata a China a 1991 da ƙasashe 12. Ta 2023 da aka yi a Ostireliya da New Zealand ƙasashe 32 suka buga, kuɗin ladan ya tashi daga dala miliyan 30 a 2019 zuwa miliyan 110. A 2022 fiye da mutum dubu 91 suka shiga filin Camp Nou don kallon matan Barcelona, har sau biyu cikin wata guda. Hukumar CAF ta buɗe gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta Afirka a 2021.

Najeriya ba 'yar rakiya ba ce a wannan tafiya. Babu gasar duniya ko ɗaya da Super Falcons ba su je ba tun 1991, kuma kofin Afirka sau goma suka ɗauka. Abin da ba a cika faɗa a majalisa ba shi ne yadda hannun 'yan Arewa ya yi dumu-dumu a cikin nasarar. Marigayi Isma'ila Mabo na Jos shi ne kocin da ya kai su zagayen 'yan takwas a Amurka a 1999, inda Brazil ta zura musu uku, suka farke duka ukun, kafin a fitar da su a ƙarin lokaci. Alhaji Ibrahim Galadima, mutumin Kano, shi ke shugabantar hukumar ƙwallon ƙasa lokacin da suka lallasa Kamaru da ci biyar da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2004, Perpetua Nkwocha ta ci huɗu ita kaɗai. Kofi na goma kuwa, kocin ɗan Adamawa ne, Justine Madugu, shugaban hukumar kuma Ibrahim Musa Gusau. Mazanmu sun shugabanci abin, sun horar, sun karɓi yabo. A gasar ƙungiyoyin cikin gida kuwa, wadda Rivers Angels da Bayelsa Queens da Pelican Stars da Delta Queens suka yi kaka-gida a cikinta, sunayen da ake ji daga ɓangarenmu su ne Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens. Kano da take alfahari da Pillars da kofunanta huɗu na gasar ƙasa ba ta taɓa ɗaga na mata ba.

Mai cewa babu gudu gaskiya ya faɗa rabi. Namiji ya fi mace gudu da ƙarfin cinya, wannan halitta ce, babu mai musu. Amma in gudu ne ƙwallo, da an tafi filin tsere an ɗebo 'yan wasa. Abin da ya sa nake son wasan mata shi ne ainihin abin da suke kushewa. Da yake ba kowace ce za ta tsaya daga nesa ta ɗirka bugun da zai yaga raga ba, dole ƙwallon ta bi ta ƙafafu da yawa kafin ta isa gida, dole kuma ido ya yi aikin da cinya take yi a wasan maza. Daga nan ne wata dabara take fitowa fili, wadda a ganina ita ce zuciyar wasan gaba ɗaya: ajiye ƙwallo a inda babu kowa, bisa yarda cewa abokiyar wasa za ta iso.

A duba wasan ƙarshe na kofin Afirka da aka buga a Rabat ranar 26 ga Yuli, 2025. Maroko ce mai masaukin baƙi, filin cike da mutanenta, kocinta kuma Jorge Vilda ne, wanda ya ci wa Sifaniya kofin duniya a 2023. Kafin minti 25 Ghizlane Chebbak da Sanaa Mssoudy sun zura biyu. Haka aka tafi hutun rabin lokaci. Duk wanda ya saba kallon ƙwallo ya san abin da ƙungiya take yi in ta shiga wannan hali: kowa ya zama gwarzon kansa, a riƙa ɗibga ƙwallo gaba ko Allah zai sa a dace, mai iya yanka ya riƙe ta har a ƙwace. 'Yan matan Najeriya ba su yi haka ba. Sun dawo suna taɓa ta a ƙasa, suna buɗe gefe, suna jan 'yan bayan Maroko daga mazauninsu.

Ta farko fanareti ce, bayan na'urar VAR ta nuna ƙwallon ta taɓa hannu, Esther Okoronkwo ta buga ta shiga. Ba a kanta zan tsaya ba. Ta biyu, a minti na 71, ita ce darasin. Okoronkwo ta kutsa da ƙwallo cikin da'irar Maroko, ta isa inda 'yan gaba da yawa, maza da mata, za su rufe ido su buga, domin wadda ta ci ɗaya ɗazu tana da hujjar neman ta biyu, kuma babu wanda zai zarge ta in gola ta tare. A irin wannan wuri hankalin kowa yana kan mai ƙwallo. Gola ta matso ta tsare ɓangarenta, 'yan baya sun karkato, jikinsu duka ya ba da gaba gare ta. Wannan karkatar ita ce abin da take nema tun da ta fara gudun. Sai ta gangaro da ƙwallon a ƙasa ta gaban raga, Folashade Ijamilusi ta iso ta tura ta ciki.

Mai kallo na gaggawa zai ce ai wannan mai sauƙi ce, ko yaro zai ci. To sauƙin nan shi ne aikin. Kafin ƙwallo ta zama mai sauƙin ci sai mutum biyu sun yi lissafi ɗaya ba tare da sun yi magana ba. Mai bayarwa ba ta da lokacin tsayawa ta nemi abokiyarta. In ta tsaya ƙofar ta rufe. Mai karɓa kuma in ta iso da wuri 'yar baya za ta manne mata, ko a kama ta da satar gida, in ta makara ƙwallon ta wuce. Dole ta ɗan ja da baya, ta bar wurin fayau kamar ba ta da niyyarsa, sannan ta faɗo a daidai bugun. Nauyin fasin ma abin lura ne: in ya yi ƙarfi ya zarce, in ya yi sanyi gola ta kwanta a kansa. Kuma duk wannan yana tsaye ne a kan abu guda, wato mai ƙwallo ta haƙura da sunanta a allon ci.

Ta uku ma haka take, sai dai daga bugun tazara. Saura minti biyu a tashi, bayan alƙaliyar wasa ta soke fanaretin da ta fara bai wa Maroko, Okoronkwo ta sake tsayawa kan ƙwallo. Ba raga ta nufa ba. Ta aika ta tsakanin 'yan baya da gola, wurin da kowannensu yake ganin na ɗayan ne, Jennifer Echegini da ta shigo daga benci ta taho da gudu ta sa mata ƙafa. Uku da biyu. Mace ɗaya ta ci ɗaya ta ba da biyu, kuma biyun da ta bayar sun fi wadda ta ci daraja. Wanda ya kalli wannan ya ce ba ƙwallo ba ne, sai ya gaya mana me yake kallo duk daren Asabar.

Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na san wannan lissafin tun kafin in san Rabat. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu lokacin da dandali yake da rai ya ga 'yan mata suna gaɗa a farin wata. Su tsaya rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito tsakiya ta juya musu baya, in amshi ya kai gaɓarsa sai ta saki jiki ta faɗo da baya ba tare da ta waiwaya ba. Su cafe ta, su cilla ta sama, ta dira bisa ƙafafunta, wata ta fito. Wadda ta faɗo kafin gaɓa ta sha ƙasa, waɗanda suka makara da hannu sun ji kunya. Sanin lokaci, yarda da wadda ba ka gani, da haɗa jiki da na 'yan'uwa, su ne jarin wancan fasin na minti 71, kuma 'yar Bahaushe da su ta tashi. Yarinyar da take surfe da daka, take ɗauko ruwa daga rijiya, take bin iyayenta roron gyaɗa da kaka, ba wanda ya taɓa cewa ba ta da ƙarfi sai ranar da aka ambaci wasa. Yau dandalin ya yi sanyi a garuruwa da yawa. Waya da talabijin sun cinye daren, tsoro ya hana iyaye barin yara waje, kuma ba mu ba 'yan matan komai a madadinsa ba. Yaro namiji yana da filin firamare kowace yamma. Ƙanwarsa daga aji sai Islamiyya sai talla ko tsakar gida.

A nan ne maganar masu suka na biyu take shigowa, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Uban da ba ya son ganin 'yarsa da gajeren wando a gaban dubban maza yana da gaskiyarsa. Ranar da Najeriya ta doke Ostireliya da ci uku da biyu a gasar duniya ta 2023, Asisat Oshoala ta cire riga don murna, hoton ya zaga wayoyin Arewa, ya kuma zama hujja a bakin mutane da yawa. Ba na kare wannan. Amma a gasar nan dai, kwana uku bayan haka, Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da hijabi da dogayen kaya, mace ta farko da ta yi haka a babbar gasar duniya, kuma ƙasarta ta ci Koriya ta Kudu a ranar. Tun 2014 dokar wasan ta halatta rufe kai. Saudiyya ta kafa babbar gasar ƙungiyoyin mata a 2022, 'yar bayan Najeriya Ashleigh Plumptre ta koma Al-Ittihad ta Jidda a 2023. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Ashe matsalar ba gudun mace ba ne. Matsalar ita ce me ta sa, a ina take, su wa ke kallo. Duka ukun kuwa a hannunmu suke.

Shi ya sa nake ganin masu neman a fara da kafa babbar ƙungiyar mata a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata sun fara daga sama. Za a sayo 'yan wasa daga Kudu, a yi hoto, kuɗi ya ƙare, iyaye su ƙara tabbatar da cewa abin na wasu ne. Masu cewa a jira sai al'umma ta waye su ma ba su ce komai ba. Wurin farawa yana nan a gine, da katangarsa da ƙofarsa: makarantun 'yan mata. A Dala da Shekara da Jogana da Garko da Minjibir ɗalibai sun daɗe suna tsere da ƙwallon hannu da ƙwallon raga a gasar gidaje, da dogon wando da ɗankwali, ba wanda ya ce an lalata tarbiyya. A ƙara musu ƙwallon ƙafa. A horar da malamai mata su zama masu koyarwa da alƙalai, domin in babu su dole namiji ya shigo, in ya shigo kuma iyaye su janye. 'Yan kallo su kasance ɗalibai da iyaye mata. Ko fili bai cika girma ba a yi biyar-biyar ko bakwai-bakwai, wanda ma ya fi koyar da fasin ƙasa da nake magana a kai. Daga nan sai makarantun Rano su kara da na Kibiya da Bunkure, wadda ta yi nasara ta wakilci yankin.

Ba lallai ne a samu wata Oshoala daga Dawaki ba, ba kuma shi ne abin nema na farko ba. Lafiyar jikin yarinya da sakewar zuciyarta sun isa dalili. Ina kira ga shugabannin makarantun mata na yankinmu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano, su sa wannan a jadawalin zango mai zuwa. Ƙwallo biyu da ƙarafan raga da malama ɗaya mai kishi sun isa a fara. Ku kuma 'yan majalisa, za a buga gasar duniya ta gaba a Brazil a 2027. Ku kalli wasa ɗaya daga farko har ƙarshe kafin ku sake yanke hukunci.