4.3 Jigon Sauya Sheƙa a Waƙoƙin Siyasa na Ƙasar Daura

A wannan sashe za a duba yadda mawaƙan siyasa ke ɗaukar ɗan siyasar da ya bar jam'iyyarsa ya koma wata, wato abin da ake kira sauya sheƙa. An aro wannan magana ne daga halayyar tsuntsu, wanda kan bar sheƙarsa ya je ya gina wata.

Misali mafi kusa ga mutanen Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure, shi ne na Sanata Ahmad Babba Kaita. An zaɓe shi a 2018 a ƙarƙashin APC domin ya wakilci Katsina ta Arewa, ya koma PDP a 2022, sannan a 2023 ya sha kaye a hannun Nasiru Sani Zangon Daura na APC. Kafin wannan, Muhammadu Buhari, wanda ɗan Daura ne, ya bar ANPP ya shiga CPC a 2010, jama'ar yankin kuma suka bi shi.

Idan aka lura, aikin guda ne, amma mawaƙi kan ba shi suna biyu. In mutum ya shigo jam'iyyar mawaƙi, sai a yi masa kirari, a ce ya gane gaskiya ya dawo gida. In kuwa fita ya yi, sai zambo da habaici su biyo baya, a kira shi butulu ko maci amana. Ke nan ba dalilin tafiyar mawaƙi ke aunawa ba, inda aka dosa kawai yake dubawa.

A nan ne raunin wannan jigo yake. Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya sauya jam'iyya zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Wannan ya nuna kujerar amana ce ta masu zaɓe. Amma da wuya a ji mawaƙi ya tambayi makomar ƙuri'ar manomin da ya bi layi cikin rana ya jefa ta. Tsuntsu shi ke gina sheƙarsa, ta ɗan siyasa kuwa talakawa ne suka gina masa. Waƙar da ta manta da wannan ta tsaya ne ga yi wa ubangida hidima, ta bar aikin faɗakarwa da aka san waƙar Hausa da shi.