Munduwar Tantance Masu Rauni: A Fara Gwada Ta A Kan Fatarmu

Shekarun baya, muna dawowa daga wani ɗaurin aure, muka tarar wata bas ta yi taho-mu-gama da motar kaya. Mutane sun fi goma sha biyar warwatse a bakin titi, kuma duk wanda ya tsaya wajen mai ihu yake nufa. Wani saurayi da ƙafarsa ta karye shi aka fara kinkima aka sa a mota. Can gefe akwai wani dattijo zaune, ya jingina da bishiya, hularsa a hannu, ba ɗigon jini a rigarsa. Na ce, "Sannu Baba, ina ke ciwo?" Ya ce, "Ba komai ɗana, ƙishirwa ce kawai, ku ji da yaran." Leɓensa ya yi fari, gumi mai sanyi na tsattsafo masa a goshi. Kafin motar ta dawo ɗaukar sahu na biyu ya sulale ya kwanta, bai sake tashi ba. Daga baya wani ma'aikacin jinya ya shaida mini cewa ƙishirwar nan da gumin nan alamu ne na jinin da ke zuba a cikin ciki.

Shi nake tunawa duk lokacin da aka kawo zancen na'urorin da ake ɗaura wa masu rauni a hannu ko a maƙala musu a yatsa idan babban bala'i ya auku. Ware masu rauni bisa tsananin ciwo tsohon ilimi ne. Tun zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon likitan sojansa, Dominique Larrey, ya kafe a kan a fara duba wanda rauninsa ya fi muni, ko kurtu ne ko hafsa. A 1983 wani asibiti da 'yan kwana-kwana a Kalifoniya suka fito da tsarin da ake kira START. Cikin minti ɗaya ma'aikaci zai duba ko mutum na iya tafiya, ko numfashinsa ya wuce 30 a minti, ko jini na zagayawa, ko yana bin umarni, sannan ya rataya masa kati. Ja na gaggawa ne, rawaya zai iya ɗan jira, kore mai tafiya da ƙafarsa, baƙi kuwa wanda rai ya yi halinsa ko ya kusa.

Raunin katin shi ne takarda ce: abin da aka gani lokacin da aka rataya shi, shi zai ci gaba da nunawa, alhali jikin mutum na canzawa. Dattijon nan da an duba shi da farko, kore ko rawaya za a ba shi. A nan munduwar take da amfani, domin tana auna bugun zuciya da iskar oksijin da ke cikin jini ba tsayawa, ta aika zuwa allo ɗaya da ke hannun shugaban aikin ceto, ta yi ƙara idan wani ya fara sulalewa. Jami'ar Harvard ta gwada irin wannan tun farkon shekarun 2000 a wani shiri mai suna CodeBlue, kuma a 'yan shekarun nan DARPA, hukumar binciken sojan Amurka, ta sa gasa a kan tantance masu rauni da na'urori. Alhazanmu ma sun ga ɗan'uwan abin: bayan turmutsutsun Mina na 2015, Saudiyya ta fito da munduwa mai ɗauke da bayanan mahajjaci a 2016. Ma'aikacin jinya ɗaya ba zai iya sa ido a kan mutum arba'in ba, na'ura kuwa ba ta gajiya. Don haka ina maraba da ita da zuciya ɗaya, a matsayin mai gadin waɗanda aka ce su jira.

Inda nake ja da baya shi ne a miƙa mata hukuncin wa za a fara ɗauka. Yawancin waɗannan na'urori da haske suke aiki, su haska fata su karanta abin da ya ratsa ko ya dawo, kuma launin fata na shafar karatun. A Disamban 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka wallafa binciken da ya girgiza masu wannan sana'a. Cikin majinyatan da na'urar yatsa ta nuna iskarsu ta wadatar, gwajin jini ya gano ta yi ƙasa ƙwarai a kashi 11.7 cikin ɗari na baƙaƙen fata, a fararen fata kuwa kashi 3.6 ne. Ninki uku ke nan. A asibiti likita na iya ɗibar jini ya tabbatar, amma a bakin titi lambar da ta fito ita za a bi, mutumin da ya cancanci ja ya zauna da rawaya saboda fatarsa. Mu kuwa kusan dukanmu wannan fatar gare mu.

Sannan a dubi irin bala'o'in da ke samunmu. A Oktoban 2024 tankar mai ta kama da wuta a garin Majiya na Jihar Jigawa, mutane fiye da 150 suka rasu, da dama suka ƙone. A ina za a ɗaura munduwa a hannun da fatarsa ta saluɓe? Wanda ya shaƙi hayaƙi kuma, gubar hayaƙin na maƙalewa a jini ta yadda na'urar yatsa ta yau da kullum ke ɗaukarta a matsayin oksijin, ta nuna lafiya lau alhali mutum na shaƙewa. Wanda jini ya zuba masa da yawa yatsunsa kan yi sanyi, na'urar ta kasa karanta komai, a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Batun caji da sabis a ƙauye cikin dare kuwa kowa ya san shi.

Akwai kuma gaskiyar da duk mai bin hanyoyinmu ya sani: kafin motar asibiti ko jami'an kiyaye haɗurra su iso, direbobi da 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu da mutanen ƙauyen da ke kusa sun riga sun kwashe rabin mutanen. Su ne masu tantancewar farko, kuma da kunne suke yi, mai ihu shi ne a gaba. Da a ce ni da waɗanda muka tsaya ranar nan mun san cewa wanda ya yi shiru yana gumi ya fi mai kururuwa shiga haɗari, da dattijon nan aka fara sawa a mota. Wannan darasin yini ɗaya ne a tashar mota ko a taron 'yan agaji, kuma kuɗin munduwa goma zai buga katunan launi masu yawan gaske.

Kirana ga ma'aikatun lafiya da hukumomin agajin gaggawa na jihohinmu shi ne su fara da horar da 'yan tasha, 'yan agaji da ma'aikatan sashen gaggawa, a sa katunan nan a kowace motar ɗaukar marasa lafiya. Idan kuma wani kamfani ya zo tallar munduwa, a tambaye shi a kan mutum nawa masu baƙar fata aka gwada ta, a kuma sa asibitocin koyarwarmu su gwada ta da kansu kafin a sa hannu a kwangila.