Kyautar Masu Sharhin Fim na Los Angeles da Rikicin Fim ɗin Brazil

Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne amfanin kyautar da Ƙungiyar Masu Sharhin Fim ta Los Angeles, a ƙasar Amurka, take bayarwa a ƙarshen kowace shekara. An kafa ƙungiyar a 1975, watau shekara 40 bayan takwararta ta New York. Jama'a da dama kan auna kyautar da mudu ɗaya: shin fim ɗin da ta zaɓa shi ne zai ci Oscar? A ganinmu wannan awo bai dace ba, domin mai sharhi ba ɗan duba ba ne. Abin da ya faru a 1985 zai fito da manufarmu fili.

A shekarar ne Terry Gilliam ya gama fim ɗinsa mai suna Brazil. Labarin wani ƙaramin akawu ne a ƙasar da takardun ofis suka fi ran mutum daraja. Ƙwaro ya faɗa cikin na'urar buga rubutu, harafi ɗaya ya sauya, aka kama wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya mutu a hannun hukuma. Shi kuwa akawun, a ƙarshe hankalinsa ya gushe saboda azaba. Shugaban kamfanin Universal, Sid Sheinberg, ya ga wannan ƙarshe ya yi ɗaci, ya sa aka datse fim ɗin daga minti 142 zuwa 94, aka rufe shi da farin ciki. Gilliam ya ce atafau bai yarda ba. Sai ya riƙa nuna wa masu sharhi nasa a ɓoye.

A watan Disamba ƙungiyar ta ba Brazil kyauta uku, ta fim mafi kyau, da ta darakta, da ta rubutun labari, alhali ba a fara nuna shi a gidajen silima na Amurka ba. Kafin shekara ta fita kamfanin ya sake shi, mai minti 132, da ƙarshensa na asali.

To, amma akwai abin dubawa. Fim ɗin suka zaɓa, ko kuwa kamfanin suka tsone wa ido? Kyautar darakta ba mu da ja a kanta, gama tsarin ofisoshin nan masu bututu ko'ina ya isa shaida. Ta rubutun labari kuwa, muna ganin zafin rigima ya sa hannu a ciki, domin zaren labarin yana kwancewa a tsakiya, mafarkan akawun kuma sun yi yawa.

Da aka zo Oscar a 1986, Out of Africa, shi ma na Universal, ya kwashe kyauta 7. Brazil ya shiga takara a fanni biyu, bai sami ko ɗaya ba. Datsattsen na Sheinberg kuwa, a talabijin aka nuna shi daga baya.