Gurasa ba leda ba ce

Shekara shida ke nan, in ba azumi ko tafiya ba, a shago ɗaya nake cin abincin rana. Shagon bai fi faɗin soron gida ba, yana wani lungu ta ɓangaren Fagge, tsakanin wurin aikinmu da masallacin da muke sallar Azahar. Benci biyu ne a ciki, da tebur, da buta da sabulu a bakin ƙofa. Ana idar da salla sai mu gangaro, mu da teloli da masu gyaran waya da 'yan dakon da suka fito daga Kantin Kwari. Abin sayarwar bai wuce gurasa ba. Ko dai bandashe, ko gurasa da tsire, wanda ake karɓowa da zafinsa daga tukubar maƙwabci.

Mai shagon dattijo ne, Baba muke ce masa. Na fi son in zauna inda zan riƙa ganin hannunsa. Yakan yaye ƙyallen da ya rufe kwando, ya ɗauko gurasa, ya ɗan matsa ta da yatsa biyu kafin komai. In ta dawo yadda take, ta samu shiga. Sai ya tsoma ta a ruwan ɗumi, tsomawa ɗaya tak, ya fizgo ta. Da ta ƙara daƙiƙa biyu a ruwan nan da ta saki jiki ta zama kwaɓaɓɓiya, da kuma bai jiƙa ta ba da ƙuli bai kama ta ba. Daga nan ya ɗebo garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da yaji, ya ɗaga hannu sama ya barbaɗa, ya juya ta ya barbaɗa wa bayan, ya zagaya da cokalin man gyaɗa, ya watsa albasa da tumatir da ɗan kabeji. Yana yi yana kallon mai saye. "Malam, yajin yau da ɗan zafi, in sassauta maka?" Ya san wanda ke fama da gyambon ciki, ya san wanda in ba a cika masa albasa ba zai dawo da faranti. Duk aikin bai kai minti biyu ba, amma na ga yara da yawa sun gwada a gabansa ba su iya ba.

Bara ɗansa ya gama karatun difloma ya dawo shagon. In faɗi gaskiya, yaron nan ya zo da alheri. Ya sayo gilashi ya rufe kayan haɗi, ƙuda ya daina sauka a kan tumatir. Ya hana naɗe abinci a tsohuwar jarida, wadda tawadarta ke narkewa a jikin mai. Ya kawo na'urar cirar kuɗi, ya buɗe wa shagon shafi a Instagram, ciniki ya ƙaru, har Baba ya ɗauki yaro na biyu. Sai wata rana na miƙa kuɗina kamar kullum, ya ce da ni, "Kawu, yau ka gwada sabon haɗinmu mana." Ya tsaga gurasa biyu, ya shafe cikinta da bama har tana ɗiga, ya tsiyaya jan tumatirin kwalba mai zaƙi, ya zuba kabeji da yankakken sosej da ɗan naman kaza, ya naɗe, ya danna a injin gasawa har ta yi zane-zane. Gurasa shawarma, in ji shi.

Na cinye, kuma na ƙoshi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tun daga lomar farko har ta ƙarshe ban ji gurasa ba. Na ji zaƙi, na ji maiƙo, na ji gishirin sosej. Wannan ɗan tsamin da yis ke bari a ƙullu, da ƙamshin hayaƙin tanderu da ke maƙale a gefen da ya ɗan ƙone, da danƙon da ke sa ka tauna ka san kana tauna alkama, duk sun nutse. Da takarda mai laushi aka naɗe haɗin nan, da ɗanɗanon bai canza ba.

Ba a shagon Baba kaɗai abin yake ba. Duk wanda ya bi Titin Gidan Zu ko ya zaga Nasarawa da yamma ya ga yadda wuraren shawarma suka yi yawa, kuma salon nasu ya malalo cikin komai. Ana yin gurasa shawarma, ana yin gurasa fiza, masu shayi ma sun fara lafta bama a burodi da ƙwai ba tare da an tambaya ba. Da azumi kuwa TikTok cika yake da bidiyon girki inda ake matsa farar miyar nan daga leda har ta rufe komai, don ita ce ke kyau a hoto. Ra'ayina a kan wannan yayi shi ne yana koya wa bakinmu ɗaukar gurasa a matsayin abin naɗi kawai, alhali a irin wannan abinci gurasar ce uwar gida, sauran kayan 'yan rakiya ne.

Kada a ɗauka ina ƙin baƙon abu ne. Gurasar kanta baƙuwa ce da ta zama 'yar gari. Sunanta daga Larabci ya zo, a Sudan ma akwai wata mai kama da ita da suke kira da kusan wannan suna, tanderun da ake gasa ta kuwa ɗan'uwan tannur ne na ƙasashen Larabawa. Fatake Larabawan Arewacin Afirka da suka riƙa ƙetaro Sahara suna sauka kusa da Kasuwar Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, su ake dangantawa da shigowar irin waɗannan abincin alkama Kano. Amma duba abin da Kanawa suka yi da ita. Suka ɗauki gyaɗarsu, suka matse mai, suka soya tunkuza ta zama ƙuli, suka daka da barkono da citta, suka haɗa da gurasar baƙi, aka samu bandashe, abin da ba za ka same shi a Tarabulus ko Alƙahira ba. Wannan aro ne na masu hankali, domin ƙuli busasshe ne, yana zama a saman gurasa yana ƙara mata armashi, ba ya kashe ta. Har unguwa guda aka samu a cikin birni mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa.

Shawarma ma haka ta yi yawo. Asalin kalmar daga Turkanci ne, ma'anarta juyawa, saboda naman da ake jerawa a tsayayyen ƙarfe yana juyawa a gaban wuta, dabarar da ta bunƙasa a Daular Usmaniyya a ƙarni na 19. Turkawa 'yan ci-rani suka cusa naman a burodi a Balin a farkon shekarun 1970 ya zama abincin titi na Jamus. 'Yan Lebanon suka kai shi Meziko, mutanen can suka mayar da shi nasu. Mu ma Kwarori sun fi shekara ɗari a Kano, har titi gare su mai sunan Beirut. To amma a can gidanta ba da bama da jan tumatiri mai zaƙi ake cin shawarma ba. Ta kaza da dakakkiyar tafarnuwa ake haɗa ta, ta naman sa ko rago kuma da niƙaƙƙen riɗi da ɗan abu mai tsami, kuma kaɗan ake shafawa don a ji nama a ji burodi. Wannan ne ya fi ci mini rai. Riɗin nan a Jigawa muke noma shi, a loda shi a manyan motoci daga kasuwanni irin Maigatari a fita da shi ƙasashen waje, wasu su niƙa su ci da gurasarsu, mu kuma mu sayi bama a kwalba mu zuba wa tamu. Ko aron ma ba mu aro mai kyan ba.

Akwai dalilin da ya sa yayin ya samu gindin zama a daidai wannan lokaci, kuma ba kwaɗayin yara ba ne kawai. Alkamar da ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja ba ta kai ko kusa da abin da ƙasar nan ke ci ba, mafi yawan fulawarmu daga alkamar waje ake niƙa ta. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 farashin alkama ya tashi a duniya. A 2023 aka cire tallafin man fetur, aka saki Naira, buhun fulawa ya yi tashin gwauron zabo, itacen gashi da kuɗin mota suka bi shi. Masu gurasa suka shiga tsaka mai wuya. Wasu suka rage girmanta, wasu suka cika yis don ta kumbura da wuri ta cika ido, ciki kuwa iska. Wasu suka daure suka ci gaba da yin ta yadda suka gada, da riba kaɗan. Idan bandashe za a yi, bambancin waɗannan biyun ba ya ɓuya, domin gurasar banza tana taɓa ruwa take wargajewa. Idan kuwa za a shafe ta da bama a danna a inji, ta jiya da ta yau, mai kyau da marar kyau, duk ɗaya suke a baki.

A nan asarar take. Matan da ke yin gurasa a Jakara da kewayenta tun kafin asuba suke tashi. Sun kwaɓa ƙullu tun dare, su hura wuta a tanderu har ya yi jawur, su jiƙa hannu, su zura shi cikin zafin nan su manna ƙullu a jikin tukunya ɗaya bayan ɗaya, su ɓamɓaro kowace a daidai lokacinta. Wadda ta ƙware a cikinsu ba ta da tambari, ba ta da shafi a intanet. Abin da kawai ke sa mai shago ya tsallake gida uku ya je nata shi ne masu cin abincinsa za su gane in ya canza. Ranar da bakin masu ci ya daina ganewa, mai shago zai sayi mafi araha, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ita kuma sai ta zaɓa, ko ta lalata aikinta ko ta kashe wutarta.

Na taɓa kwana biyu a Maraɗi, na ga yadda ake cin dogon burodin nan da Faransawa suka bari. Mai tebur zai tsaga shi ya zuba tsire ko ƙwai da albasa, su ma suna shafa bama in ka ce a sa. Amma na ga mutum ya ɗauki burodin ya matsa shi kusa da kunne, bai ji ƙarar ɓawonsa ba, ya ajiye ya wuce teburin gaba. Muddin akwai masu saye irin wannan, gidan burodi ba zai yi wasa da aikinsa ba.

Sai kuma maganar robar tekawe. Yanzu rabin cinikin shagon ta waya ake yi, mai babur ya zo ya ɗauka. Gurasa mai ɗumi in aka rufe ta a roba gumi take yi, kafin ta isa ofis a Bompai ƙulin ya zama taɓo. Bandashe abincin nan-take ne, daga hannun mai haɗawa zuwa bakin mai ci. Naɗaɗɗiyar mai bama ita ce ke jure tafiya, shi ya sa waya ta fi son ta. Ni dai na fi son bencin, inda ɗan dako da ma'aikacin banki ke matsa wa juna wuri, wani ya ce bismilla, wani ya ce Alhamdu lillahi.

Na faɗa wa ɗan Baba duk wannan, ba a rana ɗaya ba. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Kawu, ɗalibai da 'yan mata ita suke tambaya. In ban yi ba na gaba da ni zai yi, kuma kuɗin haya ba ya jira." Gaskiyarsa ne, ban kuma ce ya daina ba. Abin da na roƙe shi guda biyu ne. Kada ya taɓa canza gidan da Baba ke sayen gurasa don neman sauƙi, ko da a naɗaɗɗiyar ba za a gane ba. Sannan in zai ƙirƙiro sabon abu, ya ƙirƙiro wanda zai bar gurasa ta yi magana, ya duba abin da ke kasuwar Rimi kafin ya duba abin da ke cikin kwalba.

Makon jiya ya kira ni gefe. Ya soya riɗi sama-sama, ya niƙa da tafarnuwa da lemon tsami da ɗan gishiri, ya shafa siriri a cikin gurasa, ya zare tsire biyu daga tsinke ya jera, ya watsa albasa, bai sa a inji ba. Mu uku muka raba, ni da wani tela da yaron shagon. Telan ya ce yaji ya yi kaɗan, ni kuma na ce tsamin ya ɗan yi yawa, ɗan Baba ya rubuta a wayarsa. Baba yana zaune a kan kujerarsa bai ce komai ba. Ya miƙo hannu ya gutsuri gefen gurasar, wajen da ba a shafa wa komai ba, ya tauna a hankali. Sai ya ce wa ɗan nasa gobe in ya je ɗauko kaya ya gaishe da Hajiya mai yi musu gurasa, ya gaya mata wutar jiya ta ɗan yi yawa.