Faifan King Creole: Tsakanin Fasaha da Ciniki

Masu nazarin waƙoƙin Elvis Presley da yawa sun yarda cewa King Creole, wanda Michael Curtiz ya ba da umarni a 1958, shi ne mafi armashi cikin finafinansa. Abin da ba a faye dubawa ba shi ne yadda waƙoƙin fim ɗin suka isa hannun jama'a, alhali a nan ne ake ganin inda fasaha ta tsaya, ciniki ya karɓa.

An ɗauki yawancin waƙoƙin a Janairun 1958, bayan hukuma ta ɗaga wa mawaƙin shiga soja da kwana 60 domin ya kammala fim ɗin. Da yake labarin a birnin New Orleans yake faruwa, sai aka haɗa makaɗansa da masu bushe-bushe irin na jaz ɗin wannan birni. A waƙar "Trouble", wadda Jerry Leiber da Mike Stoller suka tsara, murya da ƙaho suna karɓeɓeniya cikin salon bulus na baƙaƙen fatar Amurka, kuma fushin da ke cikinta ya dace da halin Danny Fisher, saurayin da Presley ya fito a matsayinsa. Wato waƙa a nan tana ɗauke da labari, ba ado aka yi da ita ba.

To, amma kamfanin RCA Victor bai fitar da aikin a dunƙule ba. A watan Yuni ya saki ƙaramin faifai mai waƙa 2, wanda "Hard Headed Woman" ta kai shi matsayi na ɗaya a Amurka. Daga nan sai matsakaitan faya-fayai 2, kowanne da waƙa 4. Babban faifan bai fito ba sai a Satumba, da waƙoƙi 11, waɗanda 10 daga cikinsu an riga an sayar da su. Sabuwar ɗaya tak ce, "Steadfast, Loyal and True".

Dalilin haka a fili yake. Tun 24 ga Maris Presley yana cikin kakin soja, kuma a ƙarshen Satumba ya nufi Jamus. Manajansa, Kanar Tom Parker, da kamfanin sun ga dole a riƙa tsakurar ɗan abin da ke rumbu, kada sunan ya dushe kafin 1960. Dabarar ta biya, domin babban faifan ya kai matsayi na 2.

Sai dai riba ta koyar da mugun darasi. Da aka gane cewa fim yana tallar faifai, faifai yana tallar fim, sai ingancin waƙa ya koma baya. Leiber da Stoller sun raba gari da Parker, finafinan shekarun 1960 kuwa suka cika da waƙoƙin cike gurbi. Saboda haka King Creole ya zama shaida iri biyu: abin da mawaƙin zai iya in an ba shi waƙar kirki, da kuma tsarin kasuwar da ya hana shi maimaitawa.