Masu Gina Tsaunuka da Lissafi

Duk mai kallon finafinai ko buga wasannin kwamfuta ya sha ganin tsaunukan da babu su a doron ƙasa, kuma bai taɓa kawo wa ransa haka ba. Ƙololuwa lulluɓe da dusar ƙanƙara, kwazazzabai masu zurfi, gajimare yana ratsa tsakaninsu, duk wani ne ya zauna gaban kwamfuta ya gina su. Masu wannan sana'a sun cancanci jinjina, domin dutse yana cikin abubuwan da suka fi wuyar kwaikwayo. Gida yana da layi da kusurwa, ana iya auna shi. Dutse kuwa babu gefensa da ya yi daidai da wani, kuma ido yana saurin gane na jabu.

Masanin lissafi Benoit Mandelbrot ne ya share fagen. Ya lura cewa ɓangaren tsauni yana kama da tsaunin gaba ɗaya, haka ma ɓangaren ɓangarensa, kuma a 1975 ya raɗa wa irin waɗannan siffofi suna firaktal. Loren Carpenter, wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing a Amurka, ya karanta littafin Mandelbrot ya mayar da wannan tunani aiki. Dabararsa mai sauƙi ce. A ɗauki alwatika guda, a nemo tsakiyar kowane gefenta, a ɗaga wurin ko a sauke shi kaɗan yadda ƙuri'a ta faɗa, sannan a haɗa wuraren uku, sai alwatikar ta rabu huɗu. A maimaita wa kowacce, ana rage girman ɗagawar a kowane zagaye. Huɗu su zama 16, 16 su zama 64, kafin a gama zagaye na goma sun haura miliyan ɗaya, kuma abin da ya fara a shimfiɗe ya zama tudu da gangare. A 1980 Carpenter ya nuna ɗan fim na minti biyu mai suna Vol Libre a taron masu zane da kwamfuta na SIGGRAPH, inda mai kallo ke shawagi a kan waɗannan duwatsu. Kamfanin Lucasfilm ya ɗauke shi aiki, da dabararsa aka gina duniyar da ke cikin fim ɗin Star Trek II na 1982, daga baya kuma ya kasance cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar. A 1983 wani masani mai suna Ken Perlin ya ƙirƙiro wata hanyar samar da tudu da kwari masu laushin haɗuwa, wadda ta kai shi ga lambar yabon Oscar ta fasaha a 1997.

Sai dai lissafi shi kaɗai yana fitar da abin da ya fi kama da takardar da aka cukuikuye. Dutse na gaskiya yana da tarihi, ruwa da iska da sanyi sun shafe dubban shekaru suna cin jikinsa. Wannan ne ya sa Ken Musgrave na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka fitar da hanyar kwaikwayon zaizayar ƙasa a 1989. A nan gwanintar take. Mai aikin yakan fara da hoto baƙi da fari wanda ake kira taswirar tsayi, fari shi ne tudu, baƙi shi ne kwari. Sai ya sakar masa ruwan sama na kwamfuta. Kowane ɗigo ya gangara ta inda ya fi sauƙi, ya kwashi ƙasa inda gudunsa ya yi ƙarfi, ya sauke ta inda ya lafa. Sannu a hankali ƙananan magudanai su haɗu su zama kwazazzabo, kwazazzabai su zama kwari, tsakuwa ta taru a gindin dutse. Idan ruwan ya yi yawa dutsen ya narke, idan ya yi kaɗan ya fito tsirara babu alamar shekaru. Sanin inda za a tsaya kuwa ba ya cikin manhaja.

Daga nan sai sutura da haske. Gwani ya san dusar ƙanƙara ba ta zama a bangon da ya miƙe tsaye, ya san itatuwa suna da iyakar tsayin da ba sa wucewa, ciyawa kuma ta fi kauri inda ruwa ke kwanciya. Yakan ajiye rana ƙasa-ƙasa, irin ta hantsi ko la'asar, don inuwa ta fito da kowane lungu. Sannan ya sa iska tsakanin ido da dutse, na nesa ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi, na kusa ya fito rangaɗau. Wanda ya taɓa hango Dutsen Zuma cikin hazon hunturu ya san wannan tun kafin a koya masa.

Kayan aikin yanzu sun wadata. Akwai manhajoji irin su Terragen da World Machine da Gaea da Houdini, ga kuma Blender wadda kyauta ce. A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tudu da kwarin mafi yawan doron ƙasa da na'urar rada, kuma kowa zai iya sauke bayanan daga intanet ba tare da biyan ko kwabo ba. Matashin da ke son shiga wannan fage ya sauke manhaja ya fara gwaji, amma ya riƙa fita yana kallon duwatsu na gaskiya bayan an ɗauke ruwa, ya ga inda ruwan ya bi da abin da ya bari. Kwamfuta tana yin lissafin, idon da ya san dutse shi ke yin aikin.